Littafin 'yar bushiya ya yi mini rana, amma mai shagon bai kyauta ba

Autana shekararsa biyar, kuma Allah ya yi shi da tsoro. Idan aka ɗauke wuta ba ya iya zuwa ban-ɗaki sai na raka shi, zakaran maƙwabta ma in ya leƙo zaure sai ya ruga ya ƙanƙame zanena. Babansu yakan yi masa faɗa, wai namiji ba ya haka, ni kuwa na ga faɗan ƙara firgita shi yake yi. Shi ya sa da na je biki Katsina na ga littafin nan mai hotuna a wani shago, da 'yar bushiya a bango ta dunƙule ido ɗaya kawai ya leƙo, ban ko tsaya ciniki ba. Da Hausa aka rubuta shi, abin da ba kasafai ake samu ba a littattafan yara masu launi.

Mu a Daura yaro da labarin Bayajida yake tashi, jarumin da ya je rijiyar Kusugu da dare ya sare kan macijiyar da ta hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Labari ne da muke alfahari da shi, amma yaro mai tsoro ba ya ganin kansa a ciki. A tatsuniyoyinmu kuma matsoraciya ita ce kura, ga tsoro ga ban tsoro, dariya ake yi mata. Wannan littafin bai yi wa bushiyarsa dariya ba ko a shafi ɗaya. Ganye ya faɗo, ta dunƙule. 'Yan'uwanta su fita cin shinge bayan ruwan farko, ita tana rami. Sai daren da ruwa ya ci kwari, ƙaninta ya maƙale a wancan ƙetaren yana kuka, ga mujiya a kan reshe. Mai zanen ya san ƙasar nan: gawon da mujiyar take kai ba ganye ko ɗaya, kamar yadda gawo yake zubar da ganyensa da damina, ga rumbu can nesa, ga gero ya fara kai.

Daren da na fara karanta musu, yaron ya matso har numfashinsa yana dukan hannuna. Muka kai shafi na 14, bushiya ta tsaya a bakin ruwa, ƙayoyinta duk sun miƙe, an zana ƙafafunta suna kakkarwa. Na buɗe gaba, sai ga shafi na 19, ana ta murna ta dawo da ƙaninta a bayanta. Na koma baya, na lasa yatsa na murza takardar ko sun manne ne. Babu. Littafi mai shafi 32, takardar tsakiya ɗungurungum ba a saka ta ba, wayar ɗinkin tana nan a lanƙwashe, ba alamar yaga. Wato daidai wurin da aka sayi littafin dominsa. Yaron ya ɗago ya ce, "Umma, ta yaya ta haye?" Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai.

Da safe na kira lambar da ke jikin rasit. Na ce, "Malam, littafin da ka sayar mini bai cika ba." Ya ce, "Hajiya, ai kaya a shago ake dubawa." A leda yake fa, a liƙe, shi da kansa ya hana a buɗe wai kada ya yi datti. Daga baya ya ce in kawo ya gani ko za a samu wani. Daga Daura zuwa Katsina tafiyar kusan kilomita 80, kuɗin mota zuwa da dawowa ya fi kuɗin littafin. Na ce in ba direba a tasha ya kai masa, ya ce shi ba ya hulɗa da direbobi.

Da a ranar na rubuta wannan sharhi, cewa zan yi kada kowa ya saya. To amma yaron bai rabu da littafin ba. Shi da yayarsa suka cike giɓin da bakinsu, yau bushiya ta taka icce, gobe kunkuru ya goya ta, kuma kullum sai ya ƙara da cewa tana jin tsoro amma ta tafi. Wani dare aka ɗauke wuta, na miƙe zan raka shi, sai ya karɓi tocila ya ce, "Umma, ki zauna. Cikina yana rawa, amma zan je." Ya tafi da gudu ya dawo da gudu, ko butar bai dawo da ita ba. Babansu da ke kan tabarma ya ce, "Iye, namijin duniya!" Har yanzu zakaran nan bai bar ba shi tsoro ba, amma ban-ɗaki shi kaɗai yake zuwa. Marubucin da mai zanen Allah ya saka musu da alheri.

Masu bugawa kuwa su ji tsoron Allah. Ban da shafukan da suka ɓata, takardar ba ta da kauri, hoton baya yana bayyana ta gaba, bangon kuma tun makon farko ya fara ɓarewa, sai da na bi gefensa da salatif. Littafin da yara za su ja, su kwana a kansa, ba a yi masa irin wannan aiki, balle a kuɗin da ake sayar da shi yanzu. Mai saye ya yage ledar a gaban mai shago ya ƙirga, ko zai ɓata rai. Wanda kuma nasa ya cika, don Allah ya ɗauki hoton shafi na 15 zuwa na 18 ya sa mana a nan, in kai a buga mini in liƙa.