Mai gyaran rediyon kwalba a Zango, ya san aikinsa

Jama'a, rediyon kakana ce, tsohuwar Philips mai akwatin katako, ta shekara da shekaru cikin ɗaki a Birni ƙura ta rufe ta. Na kai ta wurin wani dattijo a Zango nan Damagaram, ɗan shago ne ƙarami amma wallahi ya san aikinsa.

Bai yarda ya jona ta da wuta ba sai da ya buɗe baya ya sa tsumma ya goge kwalaben gilashin nan da tsofaffin rediyoyi ke aiki da su, ya karanta lambobin da ke jikinsu. Ya ce ɗana duba nan, wannan kwalbar UL84 ce ba EL84 ba, ƙafa tara-tara gare su amma ba a musanya su, mai E ɗin volt 6.3 take ci, ita ko mai U galibi a rediyon da ba ta da taransifoma ake samunta, ka taɓa ƙarfen ciki wuta na iya fizgarka. Ni da na ɗauka duk ɗaya ne!

Inda ya ɗan gajiyar da ni jira, sati uku cur kafin kayan gyara su samu. Kuɗin kam bai tsawwala ba. Jiya da dare na kunna, kwalaben suka yi ja a hankali, can sai ga murya mai kauri ta cika ɗakin, inna ta fito daga madafa ta tsaya bakin ƙofa tana saurare.