Abin da takardar gwajin jini ta nuna min a Jidda

Tun bayan azumi jikina ya ƙi daɗi. Ba zazzaɓi, ba ciwon da zan nuna da yatsa, gajiya ce kawai wadda barci ba ya kore ta. In na hau matakalar gidan da muke haya a nan Jidda sai na tsaya a tsakiya ina haki. Gashi na zubewa a mataji, ga wani kwaɗayin tauna ƙanƙara da ban san daga ina ya zo ba. Da na faɗa wa mutanen gida a waya, bakinsu ɗaya: malariya ce da taifod, a yi ƙarin ruwa, a sha malt da madara. Yayata har ta yi alkawarin aiko min da maganin shawara ta hannun masu zuwa Umara.

Maigida ya kai ni wani asibiti da inshorar wurin aikinsa ke biya. Likitar 'yar Sudan ce, dattijuwa. Kafin ta taɓa ni ta ce, "Hajiya, ina takardun gwajinki na baya? Nawa jininki yake a haihuwarki ta ƙarshe?" Na yi shiru. Duk 'ya'yana a asibiti na haife su a Kano, awo ba na fashi, an sha ɗibar jinina, amma ba a taɓa miƙo min takarda ɗaya an ce ga taki ba. Iyakar abin da na sani, ma'aikaciya ta ja fatar idona ta ce jini ya yi ƙasa, a sayi maganin ƙarin jini. Wallahi kunya ta kama ni a gaban matar nan, daga baya kunyar ta koma takaici, kuma har yau bai sake ni ba. Jinina ne, da kuɗinmu aka yi gwajin, don me za a kulle sakamakon a fayil kamar sirrin wani?

Nan kuwa da aka ɗibi jinina, washegari sakamakon ya shigo wayata. Da na koma, likitar ta juyo min da allon kwamfutarta, muka bi layi-layi.

Ta fara da himogulobin, wanda ake rubutawa Hb, ɗan uwan PCV da muka saba ji a gida. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙarancin jini shi ne ƙasa da 13 ga namiji, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai ciki. Nawa ya ɗan haura 12. Da a gida ne, a nan za a ce jininki lafiya lau, je ki huta. Ita kuwa sai ta gangara zuwa wani layi, feritin. Ta ce Hb shi ne hatsin da ke cikin tukunya yau, feritin shi ne rumbu. Jiki yana ta ɗiban sinadarin ƙarfe daga rumbu yana ƙera jini, don haka tukunya ba ta nuna komai sai rumbu ya ƙare ƙaf. Ƙasa da 15 ajiya ta ƙare, likitoci da yawa ma tun daga ƙasa da 30 suke ɗaukar mataki. Nawa 8 ne. Gajiyar, zubar gashin, har tauna ƙanƙarar, duk daga nan suke. Nan take na tuna matan unguwarmu masu ciki da ke cin farar ƙasa ana yi musu faɗa, ba wanda ya taɓa tunanin a duba musu wannan. Ta ƙara min da cewa feritin yakan hau in akwai zazzaɓi ko kumburi a jiki, ya ɓoye ƙarancin, shi ya sa ba a yanke hukunci da shi mutum yana kwance da ciwo.

Sai MCV, girman jajayen ƙwayoyin jini, wanda daidai ɗinsa 80 zuwa 100. In ya yi ƙasa, ƙwayoyin sun ƙanƙance, galibi ƙarancin ƙarfe ne, amma cutar gado ta talasemiya ma tana kawo haka, kuma mai ita bai kamata ya dinga ɗura ƙarfe ba tare da gwaji ba. Haka mai sikila, musamman wanda ake yawan yi wa ƙarin jini, ƙarfe taruwa yake a jikinsa ya yi ɓarna. Nan Saudiyya tun 2004 ta wajabta gwajin waɗannan cututtuka biyu kafin aure. In kuma MCV ya haura 100, hankali sai ya koma kan bitamin B12 ko folik asid. To ku faɗa min, mai kemis da ya kalli tafin hannunka ya miƙo maka kwalbar ƙarin jini, ta ina ya san wanne ne naka a ciki?

Wanda ya fi ba ni mamaki bitamin D ne. Ƙasa da 20 ƙaranci ne a ma'aunin da suka yi amfani da shi, nawa 11. Na ce, "Likita, a ƙasar da rana ke dafa ƙwai?" Ta ce ai a nan ya fi yawa. Daga ɗaki mai sanyi sai mota, daga mota sai kanti, kasuwa ma sai dare, ga baƙar fata na buƙatar rana fiye da fara. Gaskiyarta. Gidan sama muke, ba tsakar gida, tagar ma a rufe saboda zafi da ƙura. Ranar nan na yi kewar tsakar gidanmu da hantsi, ana shanya, ana tsince zogale a faifai, yara na wasa a rana. Zogalen da muke rainawa, nan busasshe ake samu a hannun mutanenmu, da tsada, ƙamshin ma ya tafi.

Ba ta tsaya ga rubuta magani ba. Ta tambayi kwana nawa al'ada ke yi min da yawanta, tazarar haihuwa, ciwon ciki, launin bayan gida. Ta ce ƙarancin ƙarfe alama ce, sai an nemo ta inda yake zurarewa. Namiji ko macen da ta daina al'ada in aka same su da shi, dole a binciki ciki da hanji, ko gyambo ne, ko tsutsa, ko abin da ya fi su. Ta kuma hana ni shayi a kan abinci, don yana tare ƙarfe ya hana jiki sha, madara ma haka. Mu kuwa nan shayi ya zama ruwan sha. Ƙwayar ƙarfen da ta ba ni da ruwan lemo ake sha, bayan gida zai yi baƙi kada in tsorata, in ci gaba wata uku bayan lambobin sun daidaita, in kuma ɓoye ta nesa da yara don tana iya kashe ƙaramin yaro in ya haɗiye da yawa.

Kada ku ɗauka nan komai zuma ne. Inshorar ta ƙi biyan gwajin bitamin D, daga aljihu muka biya riyal masu ciwo. Ɗakunan gwaji na kuɗi kuma sun iya talla, su haɗa maka tarin gwaje-gwajen da ba ka buƙata, su turo shafuka da Turanci da Larabci, ja nan ja can, ba mai yi maka bayani. Abin da ya fi ci min rai 'yan uwanmu marasa iƙama, wato takardar izinin zama, matan da ke aikatau dare da rana, ba inshora, ga tsoron shiga asibiti. Su ma ƙarshenta kantin magani suke zuwa su sayi abin da aka faɗa musu, kamar dai a gida.

Amma injinan gwajin nan akwai su a manyan asibitoci da ɗakunan gwaji na Kano da Kaduna da Zariya. Abin da muka rasa tambaya ce. Mun mai da ƙarin ruwa maganin kowace kasala, alhali ruwan gishiri ne ko na sukari, babu ƙarfe a cikinsa. Kuɗin leda uku da allurai da an tara su da an yi cikakken ƙidayar jini da feritin. Ku nemi takardarku, ku ɗauki hotonta, ku duba iyakar da aka rubuta a gefen kowace lamba tunda ma'auni kan bambanta, ku sa likita ya faɗa muku ma'anarta. In duk sun fito daidai gajiya na nan, a duba suga da maƙoƙo.

Innarmu ta daɗe tana shan metformin don ciwon suga, kullum kukanta ƙafa na yi mata dindiris. Sugar kanta tana kawo haka, amma wannan maganin in aka jima ana sha yana rage B12, ƙarancinsa ma jijiya yake ci. Na tura wa ƙanena kuɗi, na ce ya kai ta a gwada, kuma kada ya baro wurin sai da takardar a hannunsa.