Ribas ɗin babur mai ƙafa uku: inda na fi buƙatarsa, nan ya yasar da ni

Saboda ribas na sayi babur ɗin nan, ba don kyansa ba. Gwiwata ta daɗe da daina ɗaukar nauyin babban babur mai ƙafa biyu, ga uwargida ba ta yarda a bar ta a gida in za a yi doguwar tafiya. Mai ƙafa uku ya raba ni da fargabar faɗuwa, amma shi ma ya zo da nasa: nauyinsa ya haura kilo 500 tun kafin mutum ya hau ko a loda kaya. Abin da ya kai haka ba a jansa baya da ƙafa ana zaune a kai. Shi ya sa da mai sayarwa ya ce mini, "Ai yana da ribas, Maigida, dannawa kawai za ku yi," na ji hankalina ya kwanta.

Da farko kam na ji daɗinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ka tayar da inji, ka sa giya a firi har koriyar fitilar N ta kama, ka saki birkin ajiya, ka danna madannin ribas fitilarsa ta fito, sannan ka danne ka riƙe. Sai ka ji wani ƙugi daga ƙarƙashinka, babur ya soma ja da baya a hankali, bai kai saurin mai tafiya da ƙafa ba. Ka ɗaga yatsa, ya tsaya. A kan siminti ko kwalta mai shimfiɗa babu abin da za ka ce da shi. Ranar da na fara fito da shi daga gareji ban sauke ƙafa ba, har kiran yara na yi su zo su gani.

Abin da mai sayarwa bai gaya mini ba shi ne, wannan ribas ɗin ba giya ba ce. Injin babur ba shi da hannu a ciki ko kaɗan. Wani ɗan injin lantarki ne irin na sitata aka maƙala kusa da gindin tayoyin baya, yana da ƙaramin haƙori wanda ke fitowa ya sarƙe da babban haƙori ya juya tayoyin. Daga batir yake shan wuta, kuma ba ƙaramar wuta yake sha ba. Dabarar tura babur baya da lantarki ba sabuwa ba ce, tun 1988 Honda ta sa wa Gold Wing ribas mai aiki da sitatar babur ɗin kanta. To amma sitata an yi ta ne ta yi aikin daƙiƙa kaɗan ta huta. Ɗan'uwanta da aka ɗora wa rabin tan da mutum biyu, kowa ya san yana da iyaka. Ni dai a wurin da bai kamata ba na gano inda iyakar take.

Muna kan doguwar hanya ne muka tsaya hutawa a wani wuri da ke gefen tudu. Filin ajiye ababen hawa ya gangara zuwa wata gajeriyar katanga, gurbi ɗaya tak ya rage tsakanin motoci biyu, na shige da kai tunda ina da ribas. Da muka gama, uwargida ta hau, akwatin baya cike da kaya. Na yi duk abin da na saba yi. Babur ya ja baya taku kaɗan, sai na ji ƙugin yana sauka, yana nauyi, sannan wani ɗan sauti ƙas, shi ke nan. Kafin in ankara ya soma silalewa gaba wajen katangar, na damƙe birki da ƙarfi har uwargida ta bugi bayana.

"Malam, lafiya? In sauka ne?"

Ta sauka. Na sake dannawa. Fitilar ribas tana kamawa lafiya lau, inji yana ci, fitilu duk suna aiki, amma baya ko motsi. Na kashe na kunna, na sa giya ta ɗaya na mayar firi, na jijjiga madannin. Babu. Allon gabana bai nuna mini komai ba, ko alamar gargaɗi ɗaya. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, wallahi. Babur da ke iya gaya maka mai ya kusa ƙarewa, a ce ba zai iya gaya maka dalilin da ribas ya mutu ba?

Ga mai motar da ke gefena yana jira in fita ya samu ya buɗe ƙofarsa sosai, ga rana. Ƙarshe wasu samari ne suka zo. Nan kuma wata sabuwa ta taso: ina za a kama a tura? Duk jikin gaba da murafun tayoyi roba ce, in aka danna da ƙarfi tsagewa za ta yi. Salansa da zafi. Dole wani ya riƙe kan babur yana juyawa, hannunsa a kan birki, don in masu turi suka gaji kada ya koma ya daki katanga. Ni na riƙe kan, ina tafe a gefe ina ɗingishi, su suna nishi. Babbansu ya ce, "Baba, ku dai riƙe birkin, ku bar mana turin." Allah ya saka musu da alheri, ko sunansu ban sani ba. Gwiwar nan da na sayi babur ɗin dominta, sai da ta kumbura a daren.

Da muka dawo na zauna da littafin babur ɗin. Shafin ribas na riga na karanta shi tun ranar da na saya, bai ce komai ba sai yadda ake dannawa. Can a sashen wayoyin lantarki, cikin ƙananan rubutu, aka ambaci bireka. Ashe akwai makatsin wuta da aka sa wa injin ribas shi kaɗai, in ya ja wuta fiye da kima sai ya katse, kuma ba ya komawa da kansa, sai ka mayar da shi da hannu. Yana ina? A bayan murfin gefe, inda sai ka tsuguna ka cire murfi ka laluba. Na taɓa ɗan harshensa da ya fito, na mayar, na danna ribas, babur ya ja baya kamar babu abin da ya taɓa faruwa. Aikin da bai kai minti ɗaya ba.

Da na huce na ga hikimar abin. Injin lantarki in aka danne shi ya kasa juyawa, wutar da yake ja ƙaruwa take yi, wayoyin cikinsa su yi zafi su ƙone. Birekar ta katse ne don ta cece shi, ta ceci wayoyin babur ma. Da babu ita, da hayaƙi na gani ranar. Har na soma gaya wa abokai cewa abin ba laifi, sani kawai yake so: kada ka danne shi na dogon lokaci, ka riƙa yi kaɗan-kaɗan kana ba shi hutu, in akwai hawa fasinja ya sauka, kada ka danna ribas alhali babur na cikin gangarawa don haƙoran za su ci juna, sannan ka tabbata birkin ajiya ya saku gaba ɗaya, domin ko ɗan riƙewa ya yi ya isa ya katse birekar. Da a lokacin na rubuta wannan sharhin, da yabo zai fi yawa.

Ana wata ga wata. Ba a jima ba sai ya soma ƙin shiga ribas a kan fili sumul, wannan karon fitilar ribas ɗin ma ba ta kamawa. Na je wajen bireka, tana nan daram. Sai na lura koriyar N tana ƙyaftawa, wani lokaci ta ɗauke alhali giya na firi. Babur ba ya yarda ya ba ka ribas sai ya tabbata kana firi, kuma wani ɗan makunni da ke jikin akwatin giya ne ke ba shi wannan labari. In makunnin ya soma gajiya, kai kana firi, shi yana cewa ba ka nan. Kafin a canja shi sai da na koyi taɓa sandar giya da ƙafa a hankali har fitilar ta tsaya. Abu ne ƙarami, na sani. Amma a sabon babur?

Bayan wannan kuma sai na riƙa jin ƙas-ƙas in na danna, babu juyawa. Mai gyaran waya ya sa mita a batir. Lafiyayyen batir in ya huta yakan nuna bolt 12.6 ko kusa da haka, in inji na ci ya hau wajen 14. Nawa bai yi nisa da haka ba, amma da aka danna ribas sai lambar ta faɗi warwas. Ya kwance kan batir, ga gishiri fari fat a ƙarƙashin noti, babbar wayar da ke komawa jikin ƙarfen babur kuma ta yi sako-sako. Ya ce mini, "Maigida, fitila da hon ba ruwansu da wannan, ɗan abin da suke sha ya ishe su. Ribas ne mai neman hanya a buɗe." Ya kankare, ya ɗaure, ya shafa giris. Ya kuma ce in inji na ci a tsaye ba ya cajin kirki, don haka yawan ribas da gajerun tafiye-tafiye suna tsotse batir a hankali. Tun daga nan in zan ja baya nakan ɗan ƙara totur kaɗan, kuma na ga bambanci.

Yanzu da kunne nake gane ciwonsa. In fitila ba ta kama ba, wajen firi da fis nake dubawa. In ta kama kuma shiru, bireka ce. In akwai ƙas-ƙas, batir ne ko kan batir ɗin. To amma ni ban sayi babur don in zama mai gyaran waya ba. Duk sanda na tuna katangar nan raina sai ya sake ɓaci, domin a kan fili ai ko mutum biyu sun isa su tura shi. A hawa ake neman ribas, a nan ne kuma yake sarewa, kamar lemar da ba ta buɗewa sai ranar da babu ruwa. Can-Am Spyder, wani babur mai ƙafa uku, ribas ɗinsa a cikin giya yake, ƙarfin inji ke jansa. Hatta baburan dakon kaya masu ƙafa uku, waɗanda ba su kai nawa ado ba, sanda ce kawai za ka ja, ka saki kuloci, inji ya fitar da kai da kayanka. Me ya hana a yi wa wannan haka? In ma ba za a yi ba, me zai ci a fito da birekar inda hannu zai kai, a sa mata fitila a allo?

Sauran abubuwan babur ɗin ba ni da ƙorafi, kujera da daɗi, uwargida har barci take yi a baya. Ni ne dai na canja yadda nake ajiye shi. In wuri ya gangara, da baya nake shiga, in bar nauyinsa ya silale da shi ina riƙe da birki, don in na tashi tafiya giya ta ɗaya ta fitar da ni. Wato a wuraren da ke da wuya na daina dogara da abin da na biya kuɗi dominsa.

Kwanan nan kuma wani sabon sauti ya fito. In na gama ribas na sa giya zan yi gaba, sai in ji ƙarar gogayya daga baya na ɗan lokaci kafin ta ɗauke. Bakanike ya ɗaga babur ya duba, ya ce ƙaramin haƙorin ne ba ya komawa da wuri, ƙura da tsatsa sun kama sandar da yake zamewa a kai, tunda wurin yana ƙasa inda ruwa da laka ke fantsama. Ya wanke ya sa mai, amma ya nuna mini bakin haƙoran sun fara cinyewa, ya ce kada in kuskura in ja da ƙarfi in na ji ƙarar. Na koma wajen waɗanda suka sayar mini, suka ce ba a sayar da haƙorin shi kaɗai, sai dai injin ribas ɗin dungurungum. Har yanzu ina jiran su gaya mini ko garanti zai ɗauki nauyinsa.