Jakar Yondr ta kulle wayar ɗalibai: abin da na gani a makarantarmu

Tun da aka koma karatu a watan Satumban 2025, kowane ɗalibi a makarantar sakandaren da nake koyar da lissafi a unguwar Bronx ta birnin New York yana shigowa da 'yar jaka mai ruwan toka a hannunsa. Sunanta Yondr, kuma aikinta ɗaya ne tak: a saka waya a ciki, a kulle, kada a buɗe sai an tashi. Dokar jihar New York ce ta kawo mana ita, domin gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a kan dokar da ta hana ɗaliban makarantun gwamnati amfani da wayoyi masu intanet tun daga ƙararrawar farko har zuwa ta ƙarshe, har da lokacin cin abinci, aka kuma ware dala miliyan 13.5 don makarantu su tanadi hanyar ajiya. Dokar ba ta tilasta sayen wannan jakar ba, shi ya sa wasu makarantun suka zaɓi akwatuna, wasu kuma suke karɓar wayoyi a bakin ƙofa.

Jakar ta ɗan fi tafin hannun babban mutum girma, an ɗinka ta da yadi mai kauri da taushi. A bakinta akwai 'yar allura da take shiga rami ta cije, irin abin da ake maƙala wa riguna a manyan kantuna don hana sata. Babu batir a jikinta, babu lambar sirri. Idan an tashi, ɗalibi yana dangwala bakin jakar a kan wani faifan maganaɗisu da aka kafa kusa da ƙofar fita, nan take ta buɗe. Graham Dugoni ne ya kafa kamfanin a San Francisco a shekarar 2014, kuma jakar ta fara yin suna ne a wuraren wasannin mawaƙa da masu barkwanci da ba sa son a ɗauki wasansu a waya.

Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne wayar ba ta barin hannun mai ita. Duk wanda ya daɗe yana koyarwa ya san cewa mafi munin rigima a aji ita ce ta ƙwace waya. Ka miƙa hannu, yaro ya ƙanƙame kayansa, sauran ɗalibai su zuba ido su ga wanda zai sare, darasi kuwa ya tafi ke nan. Idan ma ka karɓa, ka ɗaukar wa kanka amana mai nauyi, domin in gilashin ya tsage ko wayar ta ɓata kai za a tuhuma. Birnin New York ya taɓa gwada hana shiga makaranta da waya gaba ɗaya, kafin a janye haramcin a 2015, kuma a lokacin yara da yawa suna biyan dala ɗaya kullum a ajiye musu wayoyi a shagunan unguwa ko a motocin da ke fakawa a gefen makaranta. 'Ya'yan talakawa ne suka fi jin jiki. Jakar ta raba wannan gardamar: kayanka yana cikin jakar littattafanka, kana jin nauyinsa, amma ba ka da ikon dubawa. Ni kuma tun da aka fara ban sake miƙa hannu don karɓar wayar kowa ba.

A makonnin farko akwai wata yarinya da ke zama a layin gaba, wadda na lura hannunta yana zarcewa aljihu duk bayan 'yan mintoci, ta taɓa, ta tuna, ta dawo da shi kan tebur. Bayan kamar wata guda hannun ya daina tafiya. A wannan ajin ne na ba su lissafi mai tsawo wanda a bara sai na yanyanka shi gutsi-gutsi kafin su bi ni, suka zauna a kansa har suka kai ƙarshe, wasu suna musu da juna a kan hanyar da ta fi sauƙi. Ɗakin cin abinci kuwa, wanda a da za ka shiga ka tarar kowa ya sunkuyar da kai shiru, yanzu sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka.

Sai dai wanda zai saya ya kamata ya san iyakarta. Jakar ba ta toshe sabis, saboda haka in ba a kashe wayar ba kafin a kulle, za ta yi ta ƙara a tsakiyar darasi ba mai iya kashe ta sai an je wurin maganaɗisu. Yara kuma ba sa rasa dabara. Wani yakan saka tsohuwar waya da ta mutu ya ɓoye ta gaskiyar a safa, wani ya sayo maganaɗisu mai ƙarfi a intanet, kuma bidiyoyin da ke koya yadda ake buɗewa sun cika TikTok. Ranar da malamai suka tsaya a ƙofa da safe suna kallon kowa yana kashe wayarsa yana kullewa, tsarin yana tafiya daidai. Ranar da aka yi sakaci, kafin azahar za ka ga hasken waya a ƙarƙashin tebur. Haka kuma makarantar da ta kafa maganaɗisu kaɗan za ta sha cunkoso lokacin tashi, kamar yadda muka sha a makon farko kafin a ƙara wasu a ƙofa ta biyu.

Damuwar iyaye ma ba abin rainawa ba ce a ƙasar da ake samun harbe-harbe a makarantu. Wata uwa daga cikin Hausawan Gana da ke zaune a unguwarmu ta tare ni bayan sallar Juma'a tana tambaya yadda za ta ji muryar 'yarta in wani abu ya faru. Na ce mata, Hajiya, dokar ta wajabta wa makaranta ta ba iyaye hanyar samun 'ya'yansu a lokacin karatu, na kuma rubuta mata lambar ofis. Ta karɓa, amma na ga hankalinta bai kwanta duka ba, kuma ban ga laifinta ba. Ɗaliban da ke da larura, kamar masu ciwon sukari da ke duba jininsu ta waya, ana ba su wata jakar da ba ta kulluwa.

Saura batun kuɗi. Farashinta yana kai dala 25 zuwa 30 a kan kowane ɗalibi, wato makaranta mai ɗalibai 1,000 za ta kashe aƙalla dala 25,000, ban da maye gurbin waɗanda suka ɓata ko suka lalace. Lokacin da gwamnatin Ireland ta ware yuro miliyan 9 don irin waɗannan jakunkuna a kasafin da ta gabatar a 2024, 'yan adawa sun yi ta suka cewa makarantu na da buƙatun da suka fi wannan gaggawa. A babbar makaranta irin tamu, inda ɗalibai suke sauya aji kowace sa'a kuma ba mai iya riƙe amanar wayoyi masu tsada ɗari-ɗari, ina ganin kuɗin bai tafi a banza ba. Amma da wani ɗan'uwana mai ƙaramar makarantar kuɗi a Kano ya tambaye ni ko ya yi odarta, na ce ya sa kafinta ya yi masa akwatin katako mai ramuka da lambobi ga kowane aji, ya sa kwado, ya damƙa mabuɗin ga malamin da iyaye suka yarda da shi.