Tare Ruwan Logone a Maga ko Sakinsa Cikin Fadama

A arewacin Kamaru akwai hanyoyi biyu na cin moriyar kogin Logone. Ta farko ita ce a sarrafa ruwan domin noman shinkafa, kamar yadda kamfanin noman shinkafa na gwamnati mai suna SEMRY yake yi, musamman tun bayan gina madatsar Maga a 1979. Manomi yana samun ruwa a kan kari, yana shuka har da rani, sai dai gyaran magudanai yana cin kuɗi, a gonakin garin Yagwa kuwa sai da injinan famfo ake ɗaga ruwan daga kogi.

Ta biyu ita ce a bar ambaliyar damina ta malale fadamar da ake kira yaere, ba da famfo ko man fetur ba. Kifi yana hayayyafa cikin ciyawa, idan ruwa ya fara janyewa masuntan ƙabilun Kotoko da Musgum su tare shi a bakin hanyoyin da suka haƙa, sannan Fulani da Larabawan Shuwa su sauko da shanu kan ɗanyar ciyawa lokacin da ko'ina ya bushe ƙurmus. Namun gandun dajin Waza ma da wannan ruwa suke rayuwa. Da madatsar ta haɗu da shekarun fari, ambaliya ta ragu, kiwo da kamun kifi suka ja baya, har sai da aka sake buɗe wani rafi a 1994 domin ruwa ya koma cikin fadamar.

A ganina ana tauye fadamar wajen lissafi, domin buhun shinkafa yana hawa sikeli ya shiga littafin hukuma, alhali ƙwaryar nono da kwandon bandar kifi a kasuwar ƙauye suke ƙarewa.