Zoben zumurrudu: wata uku ina yabo, dare ɗaya ya tona asiri

Ranar da zoben ya iso sai da na fita da shi cikin rana na yi ta juya shi. Kore shar, da ɗan shuɗi-shuɗi a ciki, irin na Zambiya kamar yadda mai sayarwar ya rubuta. Ni dama wannan launin ya fi kwanta min a rai fiye da na Kolombiya da kowa ke zuzutawa. Akwai 'yan zare-zare a cikinsa kamar saiwar ciyawa, ban damu ba, don zumurrudu da wuya a same shi tas.

Wata uku ba na cire shi. Da na ga ya ɗan dushe, sai na jiƙa shi a ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, na bar shi ya kwana. Da safe gabana ya faɗi. Wani farin layi ya ratso daga kusurwa har tsakiya, kamar gilashi ya tsage.

Maƙerin da na kai wa ya ɗora ƙaramin gilashinsa a ido, ya duba, ya yi murmushi. "Hajiya, ba ki fasa komai ba, mai kika wanke." Ashe yawancin zumurrudun da ke kasuwa ana ɗura masa man itacen sida ne ya cike tsagar, ido ya daina ganinta. Wai tun a cikin ƙasa yake da ita: sinadarin beriliyom da kuromiyom mai ba shi koren ba kasafai suke haɗuwa ba, sai dutse ya motsa, ruwa mai zafi ya kutsa tsakani, wannan motsin ne ke bar masa tsaga. Taurinsa 7.5 zuwa 8 ne a ma'aunin Mohs da ake auna taurin duwatsu da shi, amma bugu ɗaya kan iya tsaga shi.

To dutsen dai na yafe masa, har ya ƙara shiga raina. Mai sayarwar ne ban yafe wa ba. Ya rubuta nauyi, ya rubuta ƙasa, amma ko kalma ɗaya babu a kan mai. Da na yi masa magana, cewa ya yi ai kowa ya sani. Wane kowa? Layi ɗaya a takarda, "kada a sa shi a ruwan zafi", da ya wadatar.

An sake sa masa man, kyansa ya dawo. Sai dai yanzu na san inda layin yake, in na karkata hannu kaɗan ina hango shi. Tauraro huɗu na yi niyyar ba mai sayarwar a matsayin maki, da na tuna "kowa ya sani" na mayar biyu.