Abin wuya na tunawa da mamaci da zoben "memento mori": sharhi bayan wata takwas

Wata takwas ke nan da sayen kaya biyu da na yi daga wani shago na intanet wanda ya ƙware a kayan ado masu alaƙa da addu'a, da tunawa da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, da koyarwar masana falsafar Sitoyik, wata tsohuwar makarantar tunani ta Girka da Rum. Da gangan na jinkirta wannan sharhi, domin ba a gane ingancin kayan ado ranar da aka buɗe kwali, sai sun sha gumi da ruwa da sabulu.

Na farko abin wuya ne na azurfa, ɗan faifai wanda faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba, an zana masa rubutun hannun mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Na ɗauki hoton layi ɗaya daga wata tsohuwar wasiƙa inda take yi mini addu'ar gamawa lafiya, na tura musu, su kuma suka fitar da shi da na'urar leza. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne ba su gyara komai ba. Akwai wurin da hannunta ya yi rawa, wutsiyar harafin ƙarshe ta karkace ƙasa, kuma haka ta fito a jikin azurfar, har ina jin ta idan na shafa da yatsa. A bayan faifan an buga lamba 925, ma'ana kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, sauran kuwa galibi jan ƙarfe ne da ake haɗawa don ta yi ƙwari. Irin wannan azurfa takan yi duhu idan ta haɗu da sinadarin farar wuta da ke cikin iska, kuma tawa ma ta yi, sai dai duhun ya taru ne a cikin ramukan rubutun, ya sa haruffan suka ƙara fitowa fili. Yanzu samansa kawai nake gogewa da ƙyalle mai laushi, ba na taɓa cikin.

Sarƙar da ta zo da shi ba ta kai darajarsa ba. Siririya ce ƙwarai, maƙallinta kuma ya saki a wata na uku, da ƙyar na tsinci faifan a cikin rigata. Abin da ke ɗauke da rubutun uwa bai kamata a rataye shi a kan sarƙar da ba ta da amana ba, kuma wannan shi ne babban kukana da shagon.

Na biyu zobe ne mai zanen ƙoƙon kai da agogon yashi, kewaye da kalmomin Latin "memento mori", wato ka tuna za ka mutu. Aikin ƙirar ba shi da laifi, amma takardar da aka haɗo da shi ta rage mini yarda da masu shagon. Ta lissafa "amor fati", son abin da ƙaddara ta kawo, a cikin maganganun 'yan Sitoyik na dā, alhali masanin falsafar Jamus Nitshe ne ya fito da wannan lafazi a 1882, ko da yake ma'anarsa ta yi kusa da tunaninsu. Makarantar Sitoyik, wadda Zeno ya kafa a Atina ta ƙasar Girka wajen shekara 300 kafin miladiyya, ba ta rasa maganganun kanta da za a zana ba. Efiktitas, ɗaya daga cikin malamanta, wanda ya taso a matsayin bawa, ya koyar da cewa idan mutum ya rasa ɗa ko mata, kada ya ce ya yi asara, ya ce ya mayar da abin da aka ba shi aro. Markus Oriliyas, mabiyin wannan makaranta kuma sarkin Rum daga 161 zuwa 180, ya binne da yawa daga cikin 'ya'yansa, kuma ya yi ta tunatar da kansa gajartar rayuwa a rubuce-rubucensa. Wannan ne ya dace da mai makoki, ba ƙoƙon kai mai ƙyalli ba, wanda na lura ya fi jawo tambayoyin mutane a kan ya jawo ni zuwa tunani.

Abu ɗaya da na yaba musu shi ne ba su yi da'awar cewa kayansu na kare mutum ko na warkar da baƙin ciki ba, kamar yadda wasu masu wannan sana'a suke yi. Sun kira su abin tunatarwa, kuma iyakar aikinsu ke nan. Faifan ba ya yi wa mahaifiyata komai, addu'ar da nake yi mata duk lokacin da yatsana ya taɓa shi ita ce take isa gare ta.

Duk mai niyyar saye, ina ba shi shawara ya zaɓi na rubutun hannu, ya tura hoto mai haske na tawada mai duhu a kan farar takarda, ya kuma nemi sarƙa mai kauri tun farko. Zoben yana ajiye cikin akwatinsa tun wata na biyu. Abin wuyan kuwa na sauya masa sarƙa, kuma ƙanwata ta riga ta zaɓi nata layin daga wannan wasiƙar, wurin da mahaifiyarmu ta ambaci sunanta.